Autan Masu Tsintsiya, Shugaban Masu Buhu

Ƙarfe shida na safe Maeng Dalsu yake share ganye daga hanyar dutsen bayan unguwa, ƙarfe biyu na rana kuma ya dawo ya mayar da shi inda ya share shi. Kaka biyu ke nan yana wannan aiki, kuma duk garin Cheongju ba wanda ya san da haka sai shi.

Ba mahaukaci ba ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a kan babur, bai taɓa jefa ta wani a akwatin wani ba. Abin da ya same shi kawai, matarsa ta rasu wata bakwai bayan ya yi ritaya, ɗansa kuma yana can Ulsan wajen ƙera jiragen ruwa, sai ranar Lahadi yake bugo waya ya tambaye shi ko ya ci abinci. Gida ya yi masa faɗi. Wata safiya ya fita ba da niyyar zuwa ko'ina ba, ya tsaya a gindin dutsen yana kallon takalma jere ƙarƙashin benci, masu su sun haye sama ƙafa ba takalmi. Sai wata tsohuwa mai hular rana kamar faranti ta miƙo masa tsintsiya.

"Wace shekara aka haife ka?"

Ya faɗa mata.

"Af, ashe yaro ne. Riƙe nan, Auta."

Ok Malsun ke nan, mai shekara tamanin da ɗaya, shugabar Ƙungiyar Masu Taka Ƙasa. Su goma sha huɗu ne, kuma sun yi imani cewa duk wanda tafin ƙafarsa ke taɓa jan ƙasa kullum, hawan jini da ciwon gwiwa da rashin barci za su ƙyale shi. Matsalarsu ɗaya ita ce kaka, lokacin zubar ganye. Ganye yakan zubo ya rufe hanya, ƙarƙashinsa kuma ga ƙwanson 'ya'yan itace masu ƙaya kamar bushiya, wanda in ka taka ɗaya sai ka kira sunan kakarka. Saboda haka suke shara. Dalsu, mai shekara sittin da bakwai, shi ne ƙarami, don haka shi ke ɗaukar tsintsiyoyi, shi ke ɗaukar fulas ɗin ruwan zafi, in an sauko shagon miya shi ke jera cokula, ya zuba wa kowa giyar shinkafa da hannu biyu, in ya zo shan tasa ya kau da kai gefe. Malsun tana masa tsawa sau goma kafin rana ta fito. Daɗi yake ji har cikin ransa, don rabon da wani ya yi masa tsawa tun matarsa na da rai.

Sai dai ƙarfe tara kowa ke watsewa. Wannan asibiti, waccan rainon jika, wancan barci. Shi kuwa Dalsu sai ya koma gida ya zauna yana kallon agogo, agogo na kallonsa. Ranar da abin ya ishe shi, ya sa hula da takunkumin rufe fuska ya koma dutsen da rana tsaka.

Can ya tarar da wasu mutane masu koren falmaran suna kwashe ganyen da ya tara a gefe da safe, suna zazzage shi a kan hanya. Ya tsaya baki buɗe. Wani buhu na neman kifewa, sai ya kai hannu ya riƙe bakinsa, kamar yadda kowane mai tarbiyya zai yi. Laifinsa ke nan gaba ɗaya. Matar da ke cika buhun, Tak Miran, tsohuwar malamar kimiyya, ta yi masa bayani ba tare da ya tambaya ba: shara tana tone saiwar itatuwa, ruwan sama ya zo ya wanke ƙasa, ƙwari kuma su rasa bargon da za su shiga lokacin sanyi. Su ne Ƙungiyar Masu Kare Saiwa. Da aka zauna hutu aka miƙa masa lemo, sai tambayar ta zo, don a nan ba a iya yi wa mutum magana sai an san shekarunsa.

Ya faɗa. Ya girmi babbansu da shekara tara.

Miran ta miƙe ta rusuna. Kafin ya gama ɓare lemon an ɗaga hannu, an ƙirga, an yi tafi, ya zama Shugaba. Ya buɗe baki zai ce ai shi ne ya share ganyen nan, sai wani ya zuba masa shayi da hannu biyu. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana rusunawa a ƙofar mutane, yau ga masu digiri suna jiran ya kurɓa kafin su kurɓa. Ya rufe bakinsa, ya ce a ransa gobe zai faɗa.

Goben ba ta zo ba. Ƙungiyoyin biyu ba sa haɗuwa, don na safe barci suke yi da rana, na rana kuma suna wurin ninƙaya ko wurin aiki da safe. Falmaran ja na masu tsintsiya a aljihun jaka na dama, kore na masu buhu a na hagu. Kuma aikin ya karɓe shi. Da rana, shi ke nuna wa mutanensa daidai ramin da aka ɓoye ganye, su yi ta mamakin basirar tsufa. Da safe, shi ke gaya wa Malsun lungun da ganye ya fi kauri, ta ce yaron nan da hanci yake gani. Akwai wani jan ganye mai yagaggen kunne da ya ɗauka sau goma sha ɗaya, har sun saba, in ya gan shi sai ya ji kamar ya gaishe shi.

Ana cikin haka, ƙarshen watan goma, Malsun ta jingine tsintsiya ta zauna a kan dutse tana murza gwiwa.

"Ni fa na gaji. Ganyen nan haihuwa yake yi da dare, ko me? Tun watan jiya muke share shi."

"Waɗancan 'yan bokon ne, Yaya," in ji Gu Panseok, wani tsohon saja wanda kunnensa ɗaya ya mutu tun a bariki. "A bar ni da su."

"A bar ka da su ka yi musu me? Ka yi musu tari? Ku saurara. Mu raba hanyar. Daga maɓuɓɓuga zuwa ƙasa tamu, daga nan zuwa sama tasu, kowa ya huta. Auta! Kai ne mai rubutun kirki, kuma aikinka ne dā. Rubuta, ka kai. A hannun shugabansu za ka sa, ba hannun wani yaronsa ba."

Dalsu ya rubuta, ta buga hatiminta. Da aka watse ya hau har bencin maɓuɓɓuga ya zauna da ambulan a hannu. Bai buɗe ba, don bai taɓa buɗe wasiƙar wani ba a rayuwarsa. Sai da ya cire jan falmaran ya ninke, ya sa kore, sannan ya karɓa daga hannun dama zuwa na hagu, ya yage bakin ambulan ya karanta abin da shi da kansa ya rubuta awa ɗaya da ta wuce.

In aka raba hanya, rabin ƙasa shara ɗaya ta ishe shi, minti ashirin an gama. Rabin sama kuwa ba mai sharewa, to me za a mayar? Masu buhu za su watse cikin mako guda. Kafin nan ma sai shugabannin biyu sun zauna ido da ido sun sa hannu. Tsoro ya kama shi, irin tsoron da bai ji ba tun ranar da ya dawo daga maƙabarta ya tarar da silifas ɗin matarsa a bakin ƙofa. Ba ganye yake ji ba, ba saiwa ba. Ƙarfe tara na safe yake tsoro, da duk awannin da ke bayanta.

Ƙarfe biyu ya karanta wa mutanensa wasiƙar, bai ƙara ko harafi ba. Miran ta gyaɗa kai.

"Shugaba, ni dai ina ganin akwai hankali a ciki."

"Hankali?" Dalsu, wanda bai taɓa ɗaga wa ko karen mutane murya ba, ya buga benci. "Malama, kin ji abin da suka ce kuwa? 'Zuwa ƙasa tamu.' Tamu! Dutsen gadon ubansu ne? Ƙwarin da ke ƙasa da maɓuɓɓuga fa, su ba halitta ba ne? Mu je mu ce musu me, mun sayar da ku?"

Kunya ta kama Miran har kunnenta ya yi ja. Wani likitan haƙori da ke cikinsu ya share ƙwalla. A take Shugaba ya shifta amsa, Miran ta buga a wayarta, ta fitar a takarda, aka danna hatimi. Ta ce bisa dokar ƙungiya duk takardar da ta shiga ko ta fita sai an aika wa ofishin gunduma kwafi. Ya ce ta aika, ko a jikinsa. Hankalinsa na kan yadda ya tsallake rijiya.

Washegari Malsun ta karanta amsar da gilashin ƙara girma.

"'Masu tsiraita itatuwa.' Mu? Ni da na haifi shida? Auta, zo nan. Wane irin mutum ne shugaban nan nasu?"

Dalsu ya ce, "Dogo ne, Yaya. Ga girman kai. Ko kallona bai yi ba."

"Ya ba ka wurin zama?"

"A tsaye ya bar ni."

"Ɗan banza mara tarbiyya! Ruwa fa?"

"Ko ɗigo."

"Yau da rana zan hau in gan shi," in ji Saja Panseok, yana naɗe hannun riga.

"Kada ku je, Yaya Saja. Yana da kare."

"Me?"

"Kare! Ƙato!"

Saja ya warware hannun rigarsa, ya ce dama yau yana da ganin likita.

Da rana kuma masu buhu suka tambaye shi ɗan aiken tsofaffin, yaya yake? Ya ce wani ɗan tsamurarren tsoho ne abin tausayi, wanda suke aike kamar bawa. Miran ta ce in ya sake zuwa a ba shi lemo.

Mako uku da suka biyo baya, Dalsu bai taɓa jin daɗin duniya irinsu ba. Wasiƙa ta tafi, wasiƙa ta dawo, kowace ta fi 'yar'uwarta yaji. Membobin da suka daina zuwa suka dawo, har da wata da 'ya'yanta suka ce ba ta iya tashi daga gado. Masu tsintsiya suka koma fitowa biyar da rabi, masu buhu suka sayo cebur. Abinci ya riƙa shiga, barci ya riƙa zuwa, ɗansa ya ce a waya, "Baba, muryarka ta koma ta saurayi." Abin da ya fi ban mamaki, da safe in yana rubuta wa Shugaba martani, haushin mutumin yake ji na gaske, har alƙalami ya huda takarda. Da rana kuma in ya karanta, sai ransa ya ɓaci, ya ce lallai tsofaffin nan sun samu wani mai kaifin alƙalami, amma zai gane kurensa.

Ranar wata Litinin ya iso gindin dutse da tsintsiyoyi a kafaɗa, ya tarar da babbar mota da ma'aikata, da wasu naɗaɗɗun abubuwa masu launin ƙasa an jibge. Tsofaffin na tsaye cirko-cirko gaban wani sabon allo, ba wanda ya cire takalmi. Allon ya ce ofishin gunduma ya karɓi takardu ashirin da uku daga 'yan ƙasa masu kishi, ya nazarci koken ɓangarorin biyu, ya ga duka suna da gaskiya. Don haka za a shimfiɗa tabarmar ɓawon kwakwa tun daga gindi har ƙololuwa. Saiwa ta rufu, ƙaya ta rufu.

Kwana huɗu aka gama, aka kafe ta da turakun ƙarfe. Malsun ta cire safa ta taka taku uku, ta dawo ta zauna. Kaushi kamar soson ƙarfe, kuma ba ƙasa ba ce, to me za ta warkar? Da rana Miran ta zagaya da buhu ta rasa inda za ta zazzage. Ofishi bai tsaya nan ba, ya gayyaci ƙungiyoyin biyu cin abincin rana ranar Asabar a shagon miyar da ke gindin dutse, don a miƙa wa shugabanni takardar yabo.

Dalsu ya yanke shawarar zai kwanta ciwo. Amma sha ɗaya da rabi Miran ta tsaya da mota a ƙofar gidansa, ta ce ba a barin Shugaba ya zo da ƙafa. Aka kai shi, aka cire masa takalmi kusan da ƙarfi, aka zaunar da shi a kan matashi can saman tebur, ga koren falmaran, ga fure a ƙirji. Ba hula, ba takunkumi, don ba a cin abinci da su. Yana zaune yana addu'ar ƙasa ta tsage, ƙofa ta buɗe, hular nan mai kama da faranti ta shigo, mutum goma sha biyu na biye.

Malsun ta dube shi sau ɗaya.

"Auta, me kake yi a wurin manya? Tashi ka kawo ruwa."

Jikinsa ya miƙe kafin kansa ya yi shawara. Ya tsinci kansa a tsakiyar ɗaki da buta a hannu biyu, yana zuba mata, fure na lilo a ƙirjinsa.

"Shugaba," in ji Miran a hankali, "me ya sa kuke zuba mata ruwa?"

"Wane ne Shugaba?" in ji Malsun.

"Ina karen?" in ji Saja.

Ba a daɗe ana bincike ba. Miran ta fito da fayil, Malsun ta fito da nata daga leda, aka jera takardun a kan tebur tsakanin kwanonin kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji. Jami'in gunduma da ya zo da takardun yabo ya lallaɓa ya ajiye su kusa da ƙofa, ya ce ana nemansa a ofis, ran Asabar.

"Kai ka ce mana masu tsiraita itatuwa?"

"Ni ne, Yaya."

"Ku ne kuka rubuta cewa digirinmu bai kai darajar tsinken tsintsiya ba?"

"Ni ne, Malama."

"Na kwana biyu ban yi barci ba saboda wannan layin!"

"Ni ma ya yi min ciwo da na karanta," in ji Dalsu, kuma gaskiya ya faɗa.

Malsun ta cire hularta ta ajiye. Ba wanda ya taɓa ganin kanta sai ranar. "Na ba ka takardar sulhu da hannuna. Gwiwata na ciwo na ce a huta. Don me?"

Bai ajiye butar ba. Ya ce, "Yaya, in mun gama ƙarfe tara, kowa yana da inda za shi. Ni in na shiga gida, ba wanda zai sake kiran sunana sai gobe. Da an raba hanyar, da aiki ya ƙare. Na ji tsoro ne."

Likitan haƙori ya fara laluben hankici. Da labarin ya tsaya a nan da an rungume juna, amma mutanen nan an raba su da ƙasar da suke takawa da saiwar da suke karewa, kuma tausayi ba ya ɗage tabarma.

"A kore shi," in ji Saja, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba.

Miran ta buɗe kundin doka. Ta ce akwai matsala. Ƙungiyarsu ta rushe tun jiya, tunda abin da aka kafa ta dominsa ya gushe. Malsun ta ce tasu ma haka. Ba a korar mutum daga abin da babu. Aka yi ta muhawara har miya ta huce, daga ƙarshe likitan haƙori ya kawo mafita yana kuka: a kafa sabuwar ƙungiya. A nan take aka kafa ta, aka tambayi shekarar haihuwar kowa, Malsun ta zama shugaba, Miran sakatariya. Batu na farko, karɓar Maeng Dalsu a matsayin memba, aka amince. Batu na biyu, korarsa. Aka ɗaga hannu. Dalsu ya ga shi kaɗai ne hannunsa ke ƙasa, ya ji ba daɗi ya saɓa wa manya, sai ya ajiye buta ya ɗaga nasa.

Ya sa takalmansa da kansa ya fita. Yana jin muryar Miran ta taga tana cewa, tunda an riga an kafa ƙungiya, sai a samo mata abin yi. Saja ya ce akwai wani dutse bayan tashar ƙarshe ta bas mai lamba ɗari biyar da sha ɗaya, jan ƙasa zalla, ga faɗi, ana iya share tsakiya a bar ganye a gefe.

Ranar Litinin ƙarfe shida ƙafafunsa suka kai shi gindin dutse. Bas ɗin ya zo wucewa, cike da jan falmaran da kore a cakuɗe, ana miƙa wa juna dafaffen dankali. Likitan haƙori ne ke riƙe da tsintsiyoyi. Malsun na bakin taga, ta gan shi, ta buɗe baki kamar za ta yi tsawa, sai ta rufe. Dalsu ya rusuna har bas ɗin ya sha kwana.

Ya juya ya fara hawa. Tabarmar ba ta yin ƙara, ba ta zamewa, ba abin da za a ce an yi ba daidai ba. Ganye ya zubo a kanta jefi-jefi, ba mai bukatar a kwashe shi, ba mai bukatar a bar shi. Tun da ya san dutsen nan bai taɓa hawansa hannu wofi ba, sai ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. Ya sa su a aljihu, ya fitar. Ya sake su suna lilo, ya ji kamar na wani ne. Wajen maɓuɓɓuga ya haɗe su ta baya, ɗaya riƙe da ɗaya, ya ci gaba da hawa a hankali don kada ya riga ƙarfe tara saukowa.